Amsa: Hankicin rabo a biki

Hajiya, kin tambayi inda za ki samo hankicin rabo na bikin ɗiyarki. Ki shiga Babbar Kasuwar Yamai ko ta Wadata, wajen 'yan sari, ki saya dozin-dozin.

Ki nemi na auduga zalla. Mai santsin nan kyan ido kawai gare shi, ba ya shan zufa, ga kuma zafin Afrilu a garin nan. Fara sayen guda ki wanke, ki ga ko yana zuba.

Sunan ango da amarya a buga shi ƙarami a gefe. Hoto kam ban ba ki shawara ba, wa zai share gumi da fuskar amarya? Ki duba rubutun sunayen da kanki kafin a buga duka.