Ko Yaro Na Iya Kushe Littafin Babba?

Assalamu alaikum 'yata. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki. Saƙonki ya iso ni, na karanta shi har sau biyu. Ban yi gaggawar amsawa ba, don tambayar ba ta amsar tsaitsaye ba ce.

Kin ce ke da ƙawayenki kuna karanta littattafai iri-iri, na labari da na tarihi da na nasiha, kowacce ta rubuta abin da ta gani a ciki. Kika karanta na wani dattijo da ake ji da shi, bai yi miki ba, kika ba shi tauraro biyu cikin biyar, kika rubuta "ɓata lokaci ne kawai". Sai wata ƙawarki ta ce kin yi rashin kunya, wai a al'adar ma'abota karatu yaro ba ya kushe littafin babba. Shi ne kike tambayata ko haka abin yake.

Abin da ƙawarki take tunawa shi ne taƙrizi. Malami kan gama littafinsa ya kai wa wanda ya girme shi a ilimi, shi kuma ya rubuta 'yan layuka ko baitoci na yabo da addu'a, a liƙa a farkon littafin ko a ƙarshensa. A nan kam ba a kawo aibi, domin roƙonsa aka yi, kuma wanda bai gamsu ba sai ya nemi uzuri ya yi shiru. Amma taƙrizi ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi. Akwai sharhi, akwai hashiya, wato ƙarin bayanin da ake yi wa sharhin, akwai raddi sukutum, wato mayar wa marubuci martani. Da a ce na baya ba ya gyara wa na gaba, da rabin abin da ke cikin ɗakunan karatu ba a rubuta shi ba.

Sai dai kafin a ba mutum bakin magana akwai abin da ake bin sa bashi, kuma nan ne nake ganin kin yi sauri. Dubi Imamu Gazali. Da ya yi niyyar mayar wa masana falsafa martani, ya faɗa da bakinsa cewa sai da ya zauna ya karanci littattafansu na kusan shekara biyu, a ɗan lokacin da yake samu bayan karantar da ɗalibai wajen 300 a Bagadaza, sannan ya ƙara kusan shekara guda yana jujjuya abin a ransa. Ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya shimfiɗa ra'ayinsu kamar yadda su da kansu za su faɗe shi. A wajen 1095 ya fito da Tahafutul Falasifa, ya ƙirga mas'aloli 20 ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A ganinsa, kushe abin da ba ka kai ga gindinsa ba harbi ne a cikin duhu.

Shi ma bai tsira ba. Gazali ya rasu a 1111. Ibn Rushdi, wanda ba a haife shi ba sai 1126 can Ƙurɗuba ta Andalus, a ƙasar Sifen ta yau, yaro ne ƙarami a kansa, amma ya ɗauki Tahafutul Falasifa ɗin nan ya yi masa raddi. Yadda ya yi shi nake so ki lura: sai ya kawo maganar Gazali yadda take, sakin layi guda, ya ajiye ta gaban mai karatu, sannan ya ce ga inda nake ganin ba haka ba. Mai karatu yana ganin bakin kowa, ya yi alƙalanci da kansa. Ke kuwa ƙawayenki me kika ajiye musu? Taurari biyu da kalmomi huɗu. Wadda ba ta karanta littafin ba ba ta ƙaru da komai ba, wadda ta karanta ta so shi kuma ba ta da inda za ta kama ta yi musu da ke.

Akwai wani tsohon littafi rubutun hannu da na gada, takardarsa ta yi ja, gefensa duk ƙananan rubutu ne na mutanen da suka karanta shi kafin a haife ni. Inda mai kwafa ya tsallake kalma, wani ya mayar da ita a gefe ya rubuta "sahha", wato haka ne daidai. Inda kalma ta zo baƙuwa amma haka aka same ta, an ɗora mata "kaza", an bar ta yadda take. Wanda na fi so shi ne "la'allahu". Mai karatun ya ga kamar akwai kuskure, amma bai tabbata ba, sai ya rubuta abin da yake zato da siririn alƙalami, ya fara da "wataƙila". Bai kankare komai ba. Kin ga mai karatu yana da murya uku, gwargwadon abin da ya sani. Ladabin da nake nufi ke nan, kuma bai hana shi nuna kuskuren wanda ya girme shi ba.

To ki raba abu biyu da matasa kan cakuɗa. "Bai burge ni ba" daban, "kuskure ne" daban. Na farko haƙƙinki ne, ba mai ƙwace miki, ko da duniya ta taru tana yabon littafin. Abincin wani gubar wani. Ki dai faɗi dalili: jimlolinsa sun yi miki tsawo, ko mutanen labarin duk bakinsu ɗaya, ko nasihar ta danne labarin har ya kasa numfashi. Na biyu kuwa da'awa ce, mai da'awa shi ke kawo shaida: shafi kaza ya ce kaza, alhali abin kaza ne. Kuma ko wanne kika ɗauka, ki tsaya kan takarda. Shekarun marubuci, da garinsu, da abin da kika ji ana faɗa game da halinsa, ba su cikin abin da kika karanta.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Ina saurayi wani abokina ya ba ni aron littafi, na karanta shafi arba'in na mayar masa, na ce babu komai a ciki. Ya yarda da ni, bai ƙara buɗe shi ba. Bayan shekaru masu yawa littafin ya sake faɗowa hannuna, na kai ƙarshensa cikin dare biyu, na tarar ashe shafukan nan arba'in shimfiɗa ce, abin yana can gaba. Abokin nan ya riga mu gidan gaskiya bai karanta shi ba, kuma ni na hana shi. Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga ranar, in ban gama littafi ba nakan ce ga inda na tsaya, ga abin da ya sa na tsaya, ba na wuce nan.

Kada kuma ki ɗauki wannan rubutun naku abin wasa. A ƙarni na 9 wani babban limamin Kirista na Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, mai suna Fotiyus ya rubuta wa ɗan'uwansa bayanin littattafai wajen 280 da ya karanta, yana faɗin abin da ke ciki da yadda ya ga salon kowanne. Da dama daga cikinsu sun ɓace, ba a san su yau ba sai ta bakinsa. Da "ya yi" da "bai yi ba" kaɗai ya rubuta, da sun tafi ke nan.

Ban ce ki goge taurarinki biyu ba, in har abin da kika gani ke nan. "Ɓata lokaci" ɗin nan nake so ki cire. Ki fara da layi uku da ke faɗin abin da dattijon ya so ya yi, yadda in ya gani zai ce lalle yarinyar nan ta fahimce ni. Ki ambaci abu ko ɗaya da ya iya, don da wuya a rasa. Sannan ki faɗi inda ya gaza miki, da lambar shafi. In kin gama ki turo mini, tare da littafin in kina da hali, ina so in gani ko zan yarda da ke. Ki gaida mahaifiyarki da kyau.

Kawunki.