Ku Tambaya Mu Amsa: Turancina ya tsaya wuri ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni mazaunin Agege ne, ina aiki a wani shagon waya a Computer Village da ke Ikeja, na gama sakandare kuma ina jin turanci daidai gwargwado, broka kam ba a magana, amma duk sanda manyan kwastomomi suka zo ko oga ya ce in rubuta wa kamfani saƙo sai in ji kalmomi sun ƙare min, ga karin maganar turawa da nake ji a talabijin ban san inda suka dosa ba. Na sayi ƙamus na fara hadda daga harafin A amma wallahi ban yi nisa ba na ajiye. Dan Allah ya zan yi in iya turanci mai nauyi irin na lauyoyi? Daga wani mai karatu, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Gara da ka ajiye haddar nan, ƙamus abin dubawa ne in an cije, ba a yi shi don a haddace ba.

Sai kuma wannan "mai nauyi" da ka ce. A garin nan mutum na sakin doguwar kalma mai gaɓa biyar sai ka ji ana ihu wai ya zuba girama, alhali rabin masu tafin ba su san me ya ce ba. Ni dai a wurina wanda ya ƙware shi ne wanda ya san wace kalma ke tafiya da wace, kuma yawancin wahalar tana cikin ƙananan kalmomin da muke rainawa, irin su get, take, put, make. Ɗauki put kawai, "put off" ɗage abu ne, "put out" kashe wuta, "put up with" kuma haƙuri da abin da ba ka so, to ka ga kalma ɗaya ce da ɗan firamare ya sani amma da an liƙa mata wata 'yar ƙarama sai ma'ana ta juya gaba ɗaya. Haka bature zai ce "heavy rain", ba zai ce "strong rain" ba, kuma ba wani dalili, haka bakinsu ya saba. Shi ya sa in ka tsinci sabuwar kalma kar ka rubuta ta ita kaɗai, kwafo jimlar da ka same ta a ciki dukanta.

Wani masani a New Zealand, Paul Nation, ya ƙiyasta cewa sai mutum ya san tushen kalmomi wajen 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da yana ta leƙa ƙamus ba. Kar adadin ya firgita ka, ka riga ka san da yawa. Shiga shafin ƙamus na Oxford na masu koyo, akwai jerin Oxford 3000 da Oxford 5000 kyauta, ka bi ka ware waɗanda ba ka sani ba.

Amma karatu shi ne gaba. Kullum ka karanta sharhin edita guda ɗaya na Punch ko Guardian ko Daily Trust, a waya ko a tsaye wurin mai jarida a bakin tasha, ka fitar da jimla biyar kacal a ɗan littafin aljihu, gobe ka sake dubawa, bayan kwana uku ka kuma, sannan bayan mako, don abin da ba a waiwaya ba gudu yake. In rubutu na ba ka wuya akwai manhajar Anki, ita za ta riƙa tuna maka. Lokacin da go-sulo ke cinye maka a danfo kuwa, sa abin kunne ka saurari 6 Minute English na BBC, minti shida ne kamar yadda sunan ya nuna.

Karin magana kuma, fara da ganewa kafin amfani. Mu ma a Hausa ai wanda ke jefa karin magana a kowace jimla gundurar mutane yake. Irin "raining cats and dogs" da aka koya mana a makaranta su kansu turawan ba kasafai suke faɗa ba yanzu, abin da zai maka amfani a shago shi ne irin "ballpark figure", wato kimanin farashi, ko "I'll get back to you" in kana so ka ce wa kwastoma za ka neme shi daga baya.

Broka ba aibu ba ce, BBC ma ta buɗe mata sashe a 2017, kuma a 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da danfo da okada da Kannywood. Kawai ka san da wa kake magana, don in ka ce wa baƙo daga waje "I'm coming" kana fita daga shago, zai tsaya yana kallonka ne.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikaciyar jinya ce a Idi-Araba, ina shirin jarrabawar IELTS ta gwajin iya turanci, an ce min in haddace karin magana da yawa wai su ke kawo maki. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yar'uwa wanda ya gaya miki rabi ya faɗa. A ɓangaren magana, in guda ɗaya ko biyu suka fito da kansu a inda suka dace to suna taimakawa, amma masu jarrabawar nan da nan suke gane wanda aka cusa da ƙarfi. A ɓangaren rubutu kuwa ki guje su, turancin ilimi ake so. Nemi Academic Word List da Averil Coxhead ta fitar a 2000, tushen kalmomi 570 ne da ke yawan fitowa a rubutun jami'a, ki riƙa ɗaukar goma a mako kina gina jimlarki da su kan aikin asibiti da kika sani. Samfurin tambayoyi kuma suna nan kyauta a shafin British Council, ɗaya daga cikin masu shirya jarrabawar, ofishinsu na Legas yana Ikoyi.