Amsa: Me ya sa ake ce masa "Baba Drees"?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa 'yan Holan ke kiran Willem Drees, tsohon firayim ministansu, "Baba" alhali ya bar mulki tun 1958. Ai taimakon da ya yi wa tsofaffi ne ya jawo masa sunan. A 1947, yana ministan walwalar jama'a, ya kawo dokar wucin gadi da ta sa gwamnati ta fara ba marasa hali 'yan shekara 65 zuwa sama kuɗin kashewa. Tsoho in ya karɓo sai ya ce daga Drees ne, kai ka ce daga aljihunsa yake zarowa. A 1957, yana firayim minista, aka mayar da abin fansho na kowa da kowa.

Ga shi mutum ne marar almubazzaranci. Ba ya shan giya, gidansa a birnin Heg kuwa kamar na ƙaramin ma'aikaci.

Amma fa kada a wanke shi tas. A zamaninsa sojojin Holan suka sake afka wa Indunusiya a Disambar 1948, kafin Holan, wadda ta yi mata mulkin mallaka, ta miƙa mata mulki a 1949. Jam'iyyarsa ta Leba ma ya fice daga cikinta a 1971, don a ganinsa matasa sun karkatar da ita. Ya rasu a 1988 yana da shekara 101.