Volvo 1800S da aka ce an gyara tas, in tura kafin alƙalami?

Tambaya: Salam Malam, ina zaune a Jamus, na ga tallan Volvo 1800S ƙirar 1966 a Suwidin, ja, mai ita ya ce an gyara ta tun daga sama har ƙasa, ya ma turo min bidiyon injin yana aiki lafiya lau. Yanzu ya matsa min in tura kafin alƙalami wai akwai masu so. Kuɗin da na daɗe ina tarawa ne, ina tsoron kar in sayi wahala.

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Kar ka tura ko sisi tukuna.

Bidiyon injin nan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a harkar nan, kullum sai wani ya zo min da shi yana murna wai "ji yadda take kaɗawa". To me aka yi? Injin B18 ne fa a cikinta, ko an yi masa riƙon sakainar kashi zai tashi. Irin wannan motar, ita ma ƙirar 1966, wani mai suna Irv Gordon ya tuƙa a Amurka har ta haura mil miliyan 3. Kayan injin suna nan a kasuwa tunda da wata motar Volvo mai suna Amazon suke tarayya, in ka ji ƙara a kafireto biyun nan na kamfanin SU ko giya tana gardama, duk bakaniken da ya san tsofaffin motoci zai daidaita maka.

Abin da ke kashe 1800 tsatsa ce. Motar nan ba ta da shasi daban da za a ɗaga bodi a ajiye gefe, bodin shi ne ƙashin bayanta, in ƙarfen ƙasan ƙofofi ya ruɓe to motar ce ta ruɓe, kuma a Suwidin ana zuba gishiri a titi lokacin sanyi saboda ƙanƙara, shekara da shekaru ruwan gishiri yana shiga lungunan yana cin ƙarfe daga ciki. Sai wani ɗan bumburutun fanel bita ya zo ya cusa fila a ramin, ya goge, ya watsa jan fenti mai ɗaukar ido, ya shafe ƙasanta da baƙin kwalta, shi ke nan wai an gyara. Kamar a yi wa ginin ƙasa da ya jiƙe farar ƙasa ne. Bayan sanyi ɗaya ko biyu sai ka ga fentin ya fara ƙuraje kusa da fitilun gaba, ka danna da yatsa ka ji yana lotsawa, ka tono da sukundireba jar ƙasa-ƙasa ta zubo maka a hannu. A nan kuɗin gaske yake tafiya, don aikin walda a Turai da awa ake biya, fiffiken gaban ma ba kwance shi ake da noti ba, a manne yake da bodin.

Saboda haka ka je da ƙafarka, ko ka biya wanda ba shi da alaƙa da mai motar ya je. A ɗaga ta sama. A duba ƙasan ƙofofi, wuraren saka jak, daɓen da ke ƙarƙashin kafet, kewayen fitilu, ƙarfen da ke ƙarƙashin lagireto da ƙasan but. Ka riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu, inda ya ƙi kamawa fila ce jibge a wurin. Sannan ka nemi hotunan lokacin aikin, wanda ya yi gyaran gaskiya da kansa zai zaro maka hotunan motar tsirara ba fenti, har ya cika ka da labari. Wanda ya ce wayar ta ɓata, ka san inda aka dosa.

Kar takardar gwaji ta ruɗe ka ma, a Suwidin motar da ta haura shekara 50 ana iya ɗauke mata gwajin da ake yi wa sauran motoci, don haka tana iya daɗewa ba wanda ya leƙa ƙasanta.

Lambar shasi kuma ka haɗa ta da takardu. Na farko-farkon daga 1961 kamfanin Jensen ne ya haɗa su a Ingila, a 1963 aka mayar da aikin Suwidin aka sa mata S, ta 1966 dole 1800S ce mai B18. In ka tarar da B20 a ciki to an sauya inji, ba laifi ba ne wajen tuƙi amma a rage maka kuɗi.

Shi kuwa zancen akwai masu so, ka ce masa za ka zo ranar Asabar da bakanike, ya tanadi garejin da za a ɗaga ta. In ya fara kame-kame ka bar wa masu son.