Makaɗin Ganga Ya Tayar Min Da Bororo, Ya Zan Yi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗan Tudun Wadan Zariya ne, wata biyu ke nan ina koyon ganga a wurin kawuna. Yanzu muna atisayen Hawan Sallah kullum da yamma, sai bororo ya fito min a gefen manuniya, daidai inda makaɗi ke kwanciya. In fasa ko in bari?

Amsa: Sannu ƙanena, Allah Ya sawwaƙe. Abin da ya same ka shi ke samun sabon manomi ranar farko da fartanya. Masu kaɗa marimba (wani kayan kiɗa na jerarrun katakai), waɗanda ke riƙe sanda biyu a kowane hannu, su ma da shi suke fama a gefen yatsan tsakiya. Gogayyar ice ce ke raba fatar sama da ta ƙasa, ruwa ya cike tsakaninsu, gumi kuma ya ƙara wa abin ƙarfi.

Idan ƙarami ne, bar shi. Wanke da sabulu, ka rufe da filasta, ka hutar da hannun kwana 2 ko 3. Yawanci cikin mako guda yake lafawa. Idan ya cika tam har ya hana ka lanƙwasa yatsa, goge sabuwar allura da sifirit, ka huda ta gefe, ka matse ruwan a hankali da auduga mai tsabta. Amma don Allah kada ka ɓare fatar. Nan ne samari ke cutar kansu. Wannan farar fatar da ta yi yaushi ita ce rigar naman da ke ƙasa, in ka cire ta ka bar jan nama a fili, ga ƙurar filin atisaye, ga gumi. Shafa ɗan basilin ka rufe, kana canja filasta kullum. Toka, gishiri ko man goge baki duk ba su da wurin zama a kan ciwo.

Da ka ga mugunya, ko wurin ya ɗau zafi yana ƙara kumburi, ko zazzaɓi ya biyo, to asibiti. Mai ciwon suga kuwa kada ma ya huda da kansa.

Ina kyautata zaton damƙe makaɗin kake yi kamar za a ƙwace maka. Zauna kusa da kawu ka dubi hannunsa: sakwa-sakwa yake riƙewa, wuyan hannu ke aiki, makaɗin na dawowa da kansa daga fatar ganga. Shafa icen naka ma, in akwai kaushi ka bi shi da samfefa. Bayan ka warke, fara da minti 20, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kana goge gumi, kana naɗa filasta tun wurin na ja kafin ya tara ruwa. A haka kanta, wato taurin fata, za ta fito. In hunturu ya shigo, shafa mata man kaɗanya da dare don kada ta tsage.