Shin D-aspartic acid yana ƙara sinadarin namiji?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko garin D-aspartic acid da masu ɗaga ƙarfe ke saya yana ƙara testosterone, wato sinadarin namiji. Hujjar hakan ba ta da ƙarfi.

Aspartic acid ɗaya ne daga amino asid, wato tubalan ginin furotin, kuma jiki da kansa yake haɗa shi. Nau'i biyu ne, L da D. Nau'in L yana shiga ginin furotin, yana kuma taimakon hanta wajen mayar da ammoniya zuwa urea ta fita a fitsari. Ƙwai, nama, kifi, wake da gyada sun wadatar da kai.

Nau'in D ake tallatawa. Wani bincike a Italiya a 2009 ya ba maza kusan giram 3 kullum har kwana 12, testosterone ɗinsu ya ƙaru. Da aka gwada a kan masu motsa jiki a 2013 na kwana 28, babu canji. A 2015 a Ostireliya, giram 6 kullum ma rage shi ya yi. Ƙara mudu ba ya ƙara amfani ke nan.

In kana fama da kasala ko raunin sha'awa, je asibiti a auna jininka da safe, lokacin da sinadarin ke sama. A duba ciwon suga, ƙiba da ƙarancin barci, don suna cikin abubuwan da ke yawan jawo hakan.