Amsa ga 'yata kan ƙyallen tunawa da mahaifiyarki

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce matan unguwarku a Amurka suna haɗa bargo, kowace ta ɗinka ƙyalle mai kusurwa huɗu don tunawa da mahaifiyarta, kina tambaya ko ya dace ki yanka zanin marigayiya, Allah Ya jiƙan ta, Ya kai haske kabarinta.

Wannan al'adarsu ce. Mu abin da muka gada shi ne addu'a da sadaka. Amma ban ga aibin ɗinkin ba, in dai kin kiyaye abu guda: tufafin mamaci gado ne, ko da ɗankwali ne. Kada almakashi ya taɓa zanin sai an raba ya faɗo a rabonki, ko magada sun yafe miki da bakinsu. In akwai ƙaramin yaro a cikinsu, ba mai ikon yafe haƙƙinsa, sai a yi wa zanin kuɗi ki biya.

Ki zaɓi atamfar auduga. Leshi ramuka gare shi, mayafi kuma santsi, ba sa riƙe ɗinki sai da shafi a baya. Ki ɗaga zanin ga haske, inda rana ta ratso ya ci wanki, musamman mazauni, zai yage kafin shekara. Ki yanka daga gefen da ake sokewa ciki. Ki wanke, ki goge tun kafin awo, don wanda zai tsuke ya tsuke. Mai rinin shuni irin na Ƙofar Mata kuwa, ki jiƙa shi ki goga farin tsumma. In ya zuba, zai ɓata aikin sauran matan a wankin farko.

Yawancin awonsu inci 12 ne bayan an haɗa, amma ki tambaye su. In haka ne, ki yanka ƙananan ƙyallaye guda 9, kowanne inci 4 da rabi tsawo da faɗi, kina bin tsayin zare. Yankan karkace miƙewa yake yi, kusurwa ta ƙi haɗuwa. Ki bar kwatan inci a kowane ɗinki. Ki haɗa uku-uku su zama layi 3, ki kwantar da bakin ɗinkin layin tsakiya dama, na sama da na ƙasa hagu, sannan ki haɗa layukan. Ya kamata ki samu inci 12 da rabi, rabin nan nasu ne na haɗawa. In ya gaza, ɗinkinki ya ci da yawa, ki warware. Kada ki ja shi da dutsen guga.

Na tsakiyar ki sa fari, ki yi surfanin sunan da kuke kiran ta da shi a gida. Aya ko sunan Allah kada ki kuskura ki rubuta, bargo ana zama a kansa, yana faɗuwa ƙasa.

Sauran zannuwan masu kyau ki bar su yadda suke, a ba mabukata su ɗaura, ladan ya je mata. Ki gaishe min da maigidan da yara.